AMANAR YARON DA AKA RUFE WA ƘOFAR MAKARANTA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya rarraba harsuna da launuka da hankula gwargwadon hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo shi ne tambayar da wani bawan Allah ya yi mana bayan sallar Juma'a a nan Agiye. Manomi ne daga wani ƙauye na kusa. Ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ba mu labarin ɗansa mai shekara takwas. Yaron ba ya magana sai kalmomi ƙalilan. Idan aka tambaye shi sunansa, sai ya maimaita tambayar kamar yadda aka yi masa ita. An sa shi makarantar boko, amma duk lokacin da ƴan aji suka ɗaga murya tare, sai ya toshe kunnuwansa ya fashe da kuka. Wata rana ya ciji abokin zamansa a hannu, wata rana kuma ya fice daga aji ya nufi bakin hanyar mota. Daga nan shugaban makaranta ya kira uban ya ce masa: "Malam, ka yi haƙuri ka riƙe yaronka a gida, nan ba wurinsa ba ne." Da aka kai shi makarantar allo, can ma ba a yi mako biyu ba aka mayar da shi. Yanzu in uwarsa za ta je rijiya, sai ta kulle shi a ɗaki. Wasu sun ce a kai shi wurin mai magani, wasu sun ce a tura shi almajiranci a huta. Uban ya ce mana: "Malam, ni ban san inda zan sa kaina ba. Me addini ya ce in yi da shi?"

Ba za mu faɗi sunansa ko na ƙauyensu ba. Amma duk wanda ya zaga unguwannin Agiye da ƙauyukan Gazawa da Gidan Rumji ya san akwai gidaje masu irin wannan yaro, kuma yawanci an ɓoye shi a ƙuryar gida don gudun bakin mutane. Amsar da muka ba wannan uba ita ce muke so mu ba jama'a baki ɗaya: korar yaro daga makaranta ba ta sauke amanar karantar da shi. Ta dai mayar da nauyin kan iyayensa da dangi da jama'ar masallacin unguwarsu.

MECE CE WANNAN LARURA?

Mun shawarci uban ya fara da asibiti, ya kuwa kai yaron Maraɗi. Bayan an auna jinsa an ga kunnensa lafiya lau, likita ya ce alamun sun yi daidai da larurar da ake kira otizim. A ƙasar Hausa akan haɗa ta da wasu larurori daban a kira su duka galahanga, shi ya sa ya kamata mu fayyace ta. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, kuma alamunsa kan bayyana tun shekarun farko na rayuwa. Yaron yakan sha wahala wajen magana da fahimtar nufin mutane. Sau da yawa ba ya haɗa ido, ba ya waiwayowa idan an kira shi, yakan maimaita motsi ɗaya ko kalma ɗaya, yakan kuma tayar da hankali ƙwarai idan aka sauya masa abin da ya saba. Ƙarar da mu ba mu damu da ita ba, kamar ta injin niƙa ko ta lasifika ko ta ruwan sama a kan kwano, tana iya zame masa azaba.

Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya bayyana larurar dalla-dalla a shekarar 1943, bayan ya yi nazarin yara 11 a birnin Baltimore na Amurka. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita. Masu ita sun bambanta matuƙa: akwai wanda yake kaiwa jami'a, akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi har tsufansa. Bincike ya nuna gado yana da babban tasiri a cikinta. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma rashin tarbiyyar uwa ba ya kawo ta. Haka nan allurar rigakafi ba ta jawo ta. Rubutun da ya haddasa wannan jita-jita ya fito ne a Ingila a 1998, kuma mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010 bayan an gano rashin gaskiyarsa. Kada wani ya hana ɗansa rigakafin ƙyanda saboda wannan magana.

Yanzu mu koma cikin ajin nan mu duba da idon adalci. Yaron da ko Hausar gidansu bai gama kamawa ba, an zaunar da shi cikin tarin yara, ana yi masa magana da Faransanci, ana amsawa da ƙarfi gaba ɗaya. Yana jin ƙishirwa ba zai iya faɗa ba, ƙara ta dame shi ba zai iya faɗa ba, wani ya tsokane shi ba zai iya kai ƙara ba. Da me zai yi magana in ba da kuka da cizo da gudu ba? Maimaita maganar malami da yake yi, wanda ake ɗauka raini ne, sau da yawa ƙoƙari ne na kama harshe. Malamin ma ba mu ɗora masa dukkan laifi ba, domin an ba shi aji cike maƙil ba tare da an taɓa koya masa yadda ake tafiyar da irin wannan ɗalibi ba.

ABIN DA ADDINI YA KOYA MANA

Ya ku ƴan'uwa, nauyin harshe bai taɓa rage darajar bawa a wurin Ubangijinsa ba. A cikin Suratu Ɗaha an ba mu labarin Annabi Musa (AS), lokacin da aka aike shi zuwa ga Fir'auna, ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin da ke harshensa domin a fahimci maganarsa, ya kuma roƙi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna (AS). Allah Ya amsa masa. Fir'auna ne ya yi masa gori da rashin bayyanar magana, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf. Sai kowa ya duba a wane sahu yake tsaye idan ya ga yaro mai nauyin baki: sahun Haruna mai taimako, ko sahun mai gori.

Mu tuna kuma dalilin saukar farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), makaho, ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah (SAW) yake fuskantar manyan Ƙuraishawa. Allah Ya saukar da ayoyi yana nuna cewa wannan mai nema shi ne ya cancanci a fuskanta. Daga baya wannan sahabi ya zama ladani tare da Bilalu (RA), kuma Annabi (SAW) ya sha barinsa a Madina yana jan mutane salla idan ya yi tafiya. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Anas (RA) labarin wata mace da ke da matsala a hankalinta, ta tare Annabi (SAW) ta ce tana da buƙata. Bai kore ta ba, bai aika wani ya ji ta ba. Ya bar ta ta zaɓi inda za su tsaya a kan hanya, ya saurare ta har ta gama.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ta dace da maganarmu ƙwarai. Malamai sun tafi a kan cewa nunin bebe, matuƙar ana fahimtarsa, yana tsayawa a matsayin furucinsa a ciniki da aure da makamantansu. Annabi Zakariyya (AS) ma ya yi kwana uku yana isar da saƙo ga mutanensa da nuni kawai. To idan Shari'a ta karɓi nuni a ɗaurin aure, don me uba zai ƙi karɓarsa daga ɗansa mai neman ruwan sha, har ya ce sai ya buɗe baki ya faɗa?

Sannan an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Yaron nan ba a rubuta masa zunubin cizon da ya yi ba. Amma mu manya ana rubuta mana abin da muka yi masa bayan haka. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Kiran yaro "mahaukaci" ko "dolo" ko "ɗan ruwa" yana cikin wannan hani, ko da wasa aka faɗa, kuma kowace irin wannan kalma tana sauka ne a zuciyar uwarsa.

HAƘƘINSA A MAKARANTA

Bayan haƙƙin addini akwai na doka. Dokar tsarin ilimi ta Nijar mai lamba 98-12, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 24 ya hana a ware yaro daga makarantar kowa da kowa saboda larurarsa. A Disamba 2019 kuma an kafa wata doka kan shigar da masu naƙasa cikin harkokin al'umma. Saboda haka uba ba roƙon alfarma yake yi ba idan ya koma ya nemi a sake duba maganar ɗansa.

Amma a koma da hikima. Kada uba ya tafi shi kaɗai cikin fushi. Ya ɗauki takardar likita, ya nemi liman ko mai unguwa ya raka shi, su zauna da shugaban makaranta da kwamitin da ke tafiyar da ita da ƙungiyar iyayen yara. Su nemi abu mai yiwuwa: yaron ya riƙa zuwa na sa'a ɗaya da safe kafin a ƙara masa lokaci, a zaunar da shi gefe kusa da ƙofa, wani babba daga gidansu ya zauna da shi a makonnin farko, a yarje masa ya fita ƙarƙashin bishiya idan ƙara ta yi masa yawa. Idan ba a daidaita ba, sai a kai maganar ofishin masu duba makarantun firamare na gunduma. A tuntuɓi kuma ƙungiyoyin masu naƙasa na jahar Maraɗi, domin sun san hanyoyin da ɗaiɗaikun iyaye ba su sani ba.

KARATUN GIDA

Ko an mayar da shi ko ba a mayar ba, gida ne makarantarsa ta farko. Ga abin da masana suka gwada aka ga amfaninsa, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi.

Na farko, a tsara masa yini. Lokutan salla biyar sun riga sun raba mana rana. Bayan asuba wanka da koko, da hantsi ɗan karatu, bayan azahar hutu, bayan la'asar ban ruwan awaki. Yaron da ya san abin da ke tafe hankalinsa yakan kwanta. Idan za a sauya wani abu, kamar tafiya kasuwa ko zuwan baƙi, a sanar da shi tun da wuri.

Na biyu, a gajarta magana. Maimakon doguwar jimla, a durƙusa daidai tsayinsa, a kira sunansa, a ce "zo", "zauna", "sha ruwa", ana nuna abin. Sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita. Da yawa daga cikinsu suna ji, lokaci kawai suke buƙata kafin maganar ta zauna.

Na uku, a ba shi hanyar faɗin buƙatarsa. A ajiye moɗa da ludayi da buta da takalmi a wuri ɗaya. Idan ya miƙo moɗa a ba shi ruwa nan take, ana cewa "ruwa". Idan ya ɗauko buta a kai shi bayan gida. Wanda ke da wayar hannu ya ɗauki hotunan abubuwan gida ya riƙa nuna masa. Tun 1985 aka fara koyar da irin waɗannan yara ta hanyar miƙa hoto a Amurka, kuma bincike ya nuna cewa nuni da hoto ba sa hana magana fitowa. Yaron da ya sami hanyar cewa "ina so" da "ba na so" yakan rage kuka da cizo.

Na huɗu, a bi ta abin da yake so. Idan jera duwatsu yake so, a zauna a jera tare da shi ana ƙirgawa. Idan akuya yake so, daga nan za a shigar da kalmomin kai da ƙafa da ciyawa. A koya masa aiki gaɓa-gaɓa, kamar alwala, ko ɓarar gyaɗa, ko tsintar aya, a yaba masa a kan kowace gaɓa da ya iya.

Na biyar, idan ya birkice, a rage magana, a kawar da taron ƴan kallo, a kare shi daga jin ciwo har abin ya lafa. Bayan nan a tambayi kai: me ya faru kafin ya fara? Yunwa ce, ko ƙara, ko ciwon haƙori da ba ya iya faɗa? Idan ana ganin yana suma ko jijjiga, a gaggauta zuwa asibiti, domin farfaɗiya takan haɗu da wannan larura, kuma tana da magani.

GARGAƊI

Muna jan kunnen jama'a kan abubuwa uku. Kada a ɗaure shi da igiya ko mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna inda aka sami wasu cikin sarƙa da sunan gyaran hali. Wannan abin kunya ne da bai kamata ya sake faruwa da sunan addini ba. Kada kuma a tura shi almajiranci nesa da gida. Yaron da ba zai iya faɗin sunan garinsu ba, idan ya ɓace wa zai mayar da shi, idan aka cuce shi wa zai gaya wa? Na uku, addu'a da ruƙiyya ta Shari'a alheri ne, amma babu duka ko shaƙa hayaƙi ko hana abinci a cikinsu. Duk wanda ya ce a sayar da gona ko tunkiya a kawo masa kuɗi zai warkar da yaron cikin kwana bakwai, to a guje shi. Har yau babu wani magani da ke cire otizim. Abin da ke akwai shi ne koyarwa da haƙuri, kuma suna kawo ci gaba na haƙiƙa.

NAUYIN DA KE KAN JAMA'A

Uwa ɗaya ba za ta iya wannan aiki dare da rana ba. A gidaje da dama ita ake ɗora wa laifi, wani lokaci har ya kai ga saki. Ya kai maigida, ɗan nan naku ne ku biyu, kuma wanda Ya ba ku shi bai yi kuskure ba. Ku kuma maƙwabta da kishiyoyi da ƴan'uwa, riƙe yaron na sa'a biyu domin uwarsa ta yi barci ko ta je awo sadaka ce mai girma.

Malaman allo, muna roƙonku ku ware masa ɗan lokaci kafin sauran yara su taru, ko bayan sun tashi, a wuri mai shiru, ba tare da bulala ba. Wasu daga cikin waɗannan yara Allah Ya ba su ƙarfin riƙe abin da suka ji, kuma maimaitawar nan da aka kore su saboda ita tana iya zama ƙofar hadda. Wanda bai iya ba, zaman da ya yi cikin aminci kusa da Alƙur'ani ma riba ce. Limamai da masu kula da masallatai, idan uba ya zo da irin wannan yaro ya yi ƙara a sahu, kada a harare shi. Annabi (SAW) yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa, kuma lokacin da wani baƙauye ya yi fitsari a masallaci ya hana a tsawata masa, ya sa aka zuba ruwa a wurin, sannan ya koya masa cikin taushi. Masu hali kuma su tuna cewa kuɗin motar zuwa Maraɗi da na ganin likita sukan gagari talaka.

Kada mu ce mu ƴan karkara ne, ba mu da ƙwararru. A ƙasar Habasha an yi wata mata mai suna Zemi Yenus, wadda makarantu suka yi ta korar ɗanta mai otizim. A 2002 ta buɗe wa irin waɗannan yara makaranta a Addis Ababa da ɗalibai ƙalilan, ta kuma yi ta yaƙi da al'adar ɗaure su har rasuwarta a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da wani tsarin horar da iyaye a 2022, wanda aka shirya shi yadda waɗanda ba likitoci ba za su iya koyar da shi. Me zai hana iyaye biyar ko shida na gari ɗaya su riƙa haɗuwa a zauren masallaci sau ɗaya a mako, su koya wa juna abin da ya yi musu amfani? Ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2007 don wayar da kai kan otizim. Muna ba limamanmu shawara su yi huɗuba a kai a Juma'ar da ta fi kusa da ita.

KAMMALAWA

Mutanen wannan yanki sun san darasin kututture. A da, manomi yakan sassabe duk tohon da ya fito a gonarsa ya ƙone. Daga shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka fara barin toho ɗaya ko biyu a kan kowane kututture suna gyara shi, har ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna a kan haka. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa tun can, mai kula kawai ta rasa. Uban nan ya dawo mana bayan wata huɗu. Ya ce yaron bai fara doguwar magana ba, kuma har yanzu ana kan tattaunawa da makaranta. Amma yanzu yakan ɗauko moɗa idan yana jin ƙishirwa, an daina kulle shi a ɗaki, kuma yakan bi uban zuwa sallar magariba ya zauna a ƙarshen sahu.

Ya Allah Ka ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, Ka buɗe harsunan ƴaƴansu da ƙirazansu, Ka sanya tausayi a zukatan malamanmu da shugabanninmu, kada Ka kama mu da laifin raunanan da muka yi sakaci da su. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa.